Raba gari ba tare da ƙuri'a ba: ficewar Nijar daga ECOWAS da gardamar da ta haifar

Ranar Lahadi 28 ga Janairu 2024, Kanal Amadou Abdramane ya bayyana a gidan talabijin na Nijar sanye da kaki, ya karanta wata gajeriyar takarda. Abin da ke cikinta shi ne Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar ECOWAS, kuma nan take. A Bamako da Wagadugu ma aka karanta irinta a wannan rana. Ƙasashe uku ne da aka kafa ƙungiyar da su a Legas ranar 28 ga Mayu 1975, lokacin da Janar Yakubu Gowon da Gnassingbé Eyadéma na Togo suka yi ta faɗi-tashi har aka sa hannu. Bayan shekara 48 suka tattara nasu ya nasu.

Gombe ba ta yi iyaka da Nijar ba, Yobe da Borno sun shiga tsakani. Amma duk wanda ya san kasuwar Tudun Hatsi ko ta dabbobi a Tike ya san cewa abin da ya taɓa Diffa da Damagaram ba ya daɗewa bai iso nan ba. Masara da dawa su yi arewa, raguna da wake da kanwa da dabino su yo kudu. Ga kuma 'yan ci-rani, masu shayi da masu ga-ruwa da Buzaye masu gadi, waɗanda wasunsu sun yi aure sun hayayyafa a Jekadafari ko Pantami ko Bolari. Shi ya sa maganar ta shiga majalisun hira a garin, ta raba mutane gida biyu.

Masu goyon bayan ficewar ba su rasa hujja ba. Cewa suke yi ECOWAS ƙungiyar shugabanni ce, talaka bai san amfaninta ba sai ranar da ta rufe masa iyaka. Suna tambaya, ina take lokacin da Alpha Condé na Gini da Alassane Ouattara na Kodebuwa suka nemi wa'adi na uku a 2020? Ina take a kan Togo, inda gida ɗaya ke mulki tun 1967? Ina sojojinta a shekarun da 'yan bindiga suka yi suna kashe mutane a Tillaberi da arewacin Mali? Sai da soja ya karɓe mulki, in ji su, sannan ta tuna tana da dakarun ko-ta-kwana. Kuma a ganinsu bakin Faransa ne take arawa ta ci mata albasa.

Ɗaya ɓangaren, wanda ya fi yawa cikin fatake da direbobin manyan motoci, lissafinsa daban ne. Yarjejeniyar da ƙungiyar ta ƙulla a 1979 ita ce ta ba ɗan kowace ƙasa cikin ƙungiyar damar shiga wata ya yi kwana 90 ba tare da biza ba. Albarkacinta ne Bagombe ke ɗaukar jakarsa ya tafi Kwatano ko Akara ko Yamai ba tare da ya yi layi a ofishin jakadanci ba. Masu wannan ra'ayi suna ganin ƙasar da ba ta da teku, wadda kayanta sai sun ratsa ƙasar wani, ita ce ta ƙarshe da ya kamata ta yi wasa da irin wannan takarda.

Ruwa dai ba ya tsami banza. Ranar 26 ga Yuli 2023 dakarun da ke tsaron fadar shugaban ƙasa, ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tchiani, suka tsare shugaban ƙasa Mohamed Bazoum. Kwana huɗu bayan haka shugabannin ECOWAS suka taru a Abuja, Bola Tinubu na kan kujerar shugabancin ƙungiyar da bai cika wata guda da hawanta ba, suka ba sojojin wa'adin mako ɗaya su mayar da Bazoum ko a yi amfani da ƙarfi. Aka rufe iyaka, aka tsayar da hada-hadar kuɗi, Najeriya ta katse wutar lantarkin da Nijar ke samun kusan kashi 70 cikin 100 na abin da take amfani da shi. Iyakar Najeriya da Nijar ta kai kimanin kilomita 1,500, ta ratsa jihohi bakwai: Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno. Motocin albasa da na hatsi suka yi jerin gwano a Illela da Jibiya da Maigatari, kaya na ruɓewa a ciki.

Arewa ta ƙi yaƙin nan fur. Sanatocin Arewa suka fito suka ce ba da su ba, ranar 5 ga Agusta kuma Majalisar Dattawa ta nemi a bi hanyar sulhu. Muhammadu Sanusi na Biyu ya tafi Yamai ya ga Tchiani. Bayan 'yan kwanaki tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau ta bi sahu, cikinta har da Sheikh Kabiru Gombe. Gaskiyar magana, takunkumin ya yi wa sojojin rana. Mutanen da da farko ba su damu da Tchiani ba, da suka kwana a duhu, magani ya yi tsada, shinkafa ta gagara, sai suka ga abokin gabarsu a Abuja yake. Dubbai suka cika filin wasa na Seyni Kountché suna jinjina wa soja. Lokacin da ECOWAS ta janye takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, bayan Gowon ya rubuta wasiƙar roƙo, bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Amma akwai wani abu da hayaniyar kishin ƙasa take rufewa, wato lokacin da aka zaɓa don ficewar. A Mali an yi alkawarin zaɓen shugaban ƙasa a Fabrairu 2024, sai a Satumba 2023 aka ɗage shi ba tare da sa wata rana ba. A Burkina Faso wa'adin da aka ɗiba na mayar da mulki shi ne Yuli 2024. A Nijar Tchiani ya ce riƙonsa ba zai wuce shekara uku ba. Mai bin waɗannan alkawura bashi ita ce ECOWAS, bisa yarjejeniyar Dakar ta 2001 da ta haramta karɓar mulki ta hanyar da tsarin mulki bai tanada ba. Da aka fita, mai bin bashi ya rasa ƙofar da zai ƙwanƙwasa. A Mayu 2024 aka ƙara wa Kyaftin Ibrahim Traoré na Burkina Faso shekara biyar. Ranar 26 ga Maris 2025 aka rantsar da Tchiani shugaban ƙasa na shekara biyar, aka kuma rushe dukkan jam'iyyun siyasa. A Yuli 2025 Assimi Goïta na Mali ya samu nasa wa'adin na shekara biyar da ake iya sabuntawa, ba tare da akwatin zaɓe ba. A cikin watan ne Bazoum, wanda ya ci zagaye na biyu na zaɓen Fabrairu 2021 da sama da kashi 55 cikin 100, ya cika shekara biyu a tsare.

Yana iya yiwuwa da an yi ƙuri'ar raba gardama a Nijar a farkon 2024, masu son fita ne za su yi rinjaye, don fushin mutane a lokacin na gaske ne. Sai dai ba a yi ba. Cikar filin wasa tana nuna yawan waɗanda suka fito, ba ta ƙirga na gida, balle wanda ya ji tsoron buɗe baki a ƙasar da ake kama 'yan jarida.

Birtaniya ta bi wata hanya wajen ficewa daga Tarayyar Turai, ita ma ba mai daɗi ba. A Janairu 2013 Firaminista David Cameron, ganin jam'iyyar masu ƙin Tarayyar Turai na cinye masa magoya baya, ya yi alkawarin idan ya ci zaɓen 2015 zai ba jama'a dama su yanke hukunci. Ya ci, aka kaɗa ƙuri'a ranar 23 ga Yuni 2016, kashi 52 suka ce a fita, kashi 48 suka ce a zauna. Washegari Cameron ya sanar da murabus. Rikicin ya cinye magajiyarsa Theresa May, ya raba iyalai da jam'iyyu, mutanen Sikotlan da kashi 62 cikinsu suka zaɓi zama suka ce an ja su dole. Sai da Boris Johnson ya mayar da maganar ita ce jigon zaɓen 12 ga Disamba 2019, ya samu kujeru 365 cikin 650, sannan aka fita ranar 31 ga Janairu 2020. Shekara uku da rabi ke nan ana kai ruwa rana, kuma abin da ya fi ba su wahala shi ne iyakar ƙasa da ke tsakanin Ailan ta Arewa da Jamhuriyar Ailan, inda dangi ɗaya ke zaune a gefe biyu, irin zaman Daura da Magarya. Har yau akwai masu da-na-sani a can. Amma kowa ya san adadin waɗanda suka ce e da waɗanda suka ce a'a, kuma wanda aka kayar yana da wani zaɓen a gaba.

Arewacin Najeriya ma ya taɓa tsayawa a bakin wannan gaɓa. Ranar 31 ga Maris 1953 Anthony Enahoro ya kawo ƙuduri a majalisar Legas cewa a ba Najeriya mulkin kai a 1956. Sardauna Ahmadu Bello ya nemi a cire shekarar, a bari sai lokacin da ya dace. Aka yi wa wakilan Arewa ihu a titunan Legas, cikinsu har da Abubakar Tafawa Balewa na Lardin Bauchi, lardin da Gombe take ciki a wancan zamani. A tsakiyar Mayu rikici ya ɓarke a Kano, hukuma ta ce mutum 36 ne suka mutu. Majalisun Arewa a Kaduna suka fitar da buƙatu takwas waɗanda da an bi su, abin da zai rage tsakanin Arewa da Kudu bai wuce tsaro da harkokin waje da kwastan ba. Abin da ya sanyaya gwiwar masu son rabuwa ba ƙauna ba ce. Gyaɗa da auduga da fata sai sun bi dogo sun isa tashar jiragen ruwa, tashar kuwa tana hannun waɗanda ake fushi da su. Aka koma teburi a Landan, aka fito da tsarin tarayya na 1954, aka shiga zaɓe a ƙarshen shekarar a matsayin ƙasa ɗaya. Shekara tara bayan nan, a 1963, dogon da ya nufi Maiduguri ya iso Gombe, ya ɗebi audugar yankin zuwa kudu. Kiran araba ya sake tashi a 1966, wannan lissafin na teku yana cikin abin da ya sake danne shi.

Nijar yanzu tana biyan irin kuɗin da Kaduna ta guje wa biya. Tashar Kwatano ce ƙofarta mafi kusa, amma ko bayan janye takunkumi ta ci gaba da rufe iyakarta da Benin, tana zargin akwai sansanonin Faransa a can. Kaya suka koma bi ta Lome su ratsa Burkina Faso da rakiyar soja, hanya mai nisa da haɗari. Bututun man da aka shimfiɗa daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, mai tsawon kusan kilomita 2,000, shi ma sai da rigimar ta taɓa shi a 2024. Wani abin lura kuma, ƙasashen uku sun bar ECOWAS suna zarginta da yi wa Faransa aiki, amma ba su bar ƙungiyar masu amfani da kuɗin sefa ba, kuɗin da darajarsa ke ɗaure da yuro.

Sashe na 91 na yarjejeniyar ECOWAS da aka sabunta a 1993 ya ce mai son fita sai ya ba da sanarwar shekara guda, kamar dai idda, ko za a shirya kafin ta cika. Muritaniya ta bi wannan ƙa'ida ta fita a ƙarshen 2000. Iddar Nijar da abokanta ta cika ranar 29 ga Janairu 2025 ba a yi kome ba, duk da tayin ƙarin wata shida da ƙungiyar ta yi. A ranar ce ƙawancen AES, wanda ƙasashen uku suka kafa a Satumba 2023 suka mayar da shi haɗaɗɗiyar ƙungiya a Yamai ranar 6 ga Yuli 2024, ya fara aiki da sabon fasfo.

Matafiyi bai ga babban canji nan da nan ba. ECOWAS ta ce za ta ci gaba da karɓar takardun 'yan ƙasashen uku da barin kayansu su wuce har sai an yi wata sanarwa, AES ma ta ce ƙofarta a buɗe take ga 'yan ECOWAS. Bambancin shi ne abin da a da haƙƙi ne a rubuce, wanda har ana iya kai ƙara a kansa kotun ƙungiyar da ke Abuja, yanzu ya koma alfarma, mai bayarwa na iya janyewa ranar da ya ga dama. Ko da yake, a faɗi gaskiya, Najeriya ma ta rufe iyakokinta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 tana cikin ƙungiyar tsundum, ba wanda ya iya tanka mata.

Alamun sabon zaman sun fara bayyana a kasuwa. A Oktoba 2024 Nijar ta hana fitar da hatsi zuwa ko'ina in ban da Mali da Burkina Faso. A Disamba Tchiani ya yi hira da Hausa yana zargin Najeriya da haɗa baki da Faransa, Nuhu Ribadu, mai ba shugaban Najeriya shawara kan tsaro a lokacin, ya mayar masa da martani shi ma da Hausa. A Maris 2025 AES ta ɗora harajin rabin kashi ɗaya cikin 100 a kan kayan da ke shigowa daga wajen ƙasashen uku. A Mayu, ana saura 'yan makonni Babbar Sallah, gwamnatin Yamai ta hana fitar da dabbobi don farashin rago ya sauka a gida. Makiyayan Nijar da suka yi kiwo da niyyar sayarwa a Najeriya suka rasa kasuwarsu mafi tsoka, dillalai a wannan gefen kuma suka shiga neman ragunan layya a wasu wurare.