Ko Kun Sani? Waken Suya Na Yaudarar Ƙuduji

Ƙudujin nan, ko wuta-wuta, da ke tsotse gero da dawa a gonakin Baure da sauran ƙasar Daura, yana da shukar da ke kai shi ta baro: waken suya.

Ƙwayar ƙuduji ba ta tsirowa sai ta ji wani sinadari da saiwar hatsi ke fitarwa. Saiwar waken suya ma tana fitar da irinsa. Sai ƙwayar ta tsiro da zaton abinci ya samu, ta kasa liƙe wa saiwar waken, cikin 'yan kwanaki ta mutu a ƙarƙashin ƙasa. Ba ƙaramin sauƙi ba ne, domin ƙuduji guda na iya zubar da ƙwayoyi sama da 50,000, masu kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10 suna jiran hatsi.

Shi ya sa masanan cibiyar binciken noma ta IITA, mai reshe a Kano, ke ba manoma shawarar shuka waken suya bana, hatsi baɗi. Damina ɗaya dai ba ta share gona. Sai an maimaita, ana kuma tuge duk ƙudujin da ya fito kafin ya yi fure.