Kuɗin Shekara da Kuɗin Wata: Zaman Haya a Potiskum da Jamus

Zaman haya bai daɗe da zama ruwan dare a ƙasar Hausa da maƙwabtanta ba, domin a tsarin da aka gada, saurayi idan ya tashi aure ana yanka masa wuri ne a cikin gidan mahaifinsa, a tayar masa da ɗaki, a zagaye shi da 'yar katanga ko zana, ya zama sashe guda na babban gida mai zaure ɗaya. Wanda yake buƙatar makwanci a wajen danginsa shi ne baƙo, musamman bafatake, kuma shi ma ba haya yake kamawa ba. A garuruwan ciniki irin su Potiskum, inda kasuwar shanu ke cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, mai kawo dabbobi yakan sauka ne a wurin fatoma, wato mutumin gari da ke ba baƙon ɗan kasuwa masauki da abinci, ya ajiye masa kuɗinsa, ya haɗa shi da masu saye, ya kuma tsaya masa idan an yi ciniki bashi. Fatoma ba ya karɓar kuɗin ɗaki. Ladansa yana fitowa daga la'adar cinikin da aka ƙulla ta hannunsa. Wannan tsari ne masanin zamantakewa Abner Cohen ya bayyana a littafinsa na 1969 kan Hausawan unguwar Sabo ta Ibadan, inda ya nuna cewa ƙarfin masu gidajen saukar baƙi ya ta'allaƙa ne ga amanar da 'yan kasuwar Arewa da mahautan Kudu suka ba su.

Potiskum ta fara haɓaka sosai bayan da aka mayar da fadar masarautar Fika can a 1924, kuma kasancewarta mahaɗar hanyoyin Kano da Bauchi da Maiduguri ya jawo mata Hausawa da Barebari da Fulani, suka zauna tare da Ngizim da Bolewa da Karekare, har sababbin unguwanni suka kafu. Ƙirƙiro jihar Yobe a 1991 ya ƙara yawan ma'aikatan gwamnati, Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke garin ta kawo malamai da ɗalibai, sana'ar manyan motoci ta tara direbobi da makanikai da yaran mota, sannan rikicin Boko Haram ya koro iyalai daga yankunan Gujba da Gulani da wasu sassan Borno, waɗanda akasarinsu cikin gari suka shiga, wajen 'yan uwa ko ɗakunan haya. Duk waɗannan mutane ne da fatoma ba zai iya ɗauka ba, don ba kwana uku suka zo yi ba, kuma babu wani ciniki da za a cire la'ada daga cikinsa.

Mai neman ɗaki a yau yakan fara ne da dillali, wanda zai zagaya da shi a bayan babur daga lungu zuwa lungu, ya nuna masa ɗaki ɗaya a gidan da ake haɗa banɗaki da tsakar gida, ko ciki da falo, ko kuma gida sukutum mai ƙofarsa daban idan aljihu ya kai. Idan an ga wanda ya yi, sai a je wurin mai gida, kuma tambayoyinsa sanannu ne: daga ina mutum ya fito, mece ce sana'arsa, yana da iyali ko babu, 'ya'ya nawa, wa ya san shi a garin. Gwauro yana shan wahala kafin a ba shi ɗaki a gidan da matan aure suke, bazawara mai zaman kanta kuma wahalarta ta fi tasa, sai fa idan wani babba a danginta ya zo ya karɓa da sunansa. Tun shekarun rikicin Boko Haram aka ƙara matsa wa masu gidaje da su sanar da mai unguwa kafin su saukar da baƙon da ba a sani ba. Bayan an gamsu sai maganar kuɗi, wadda a mafi yawan lokuta kuɗin shekara guda ne a dunƙule, ga la'adar dillali a kai, galibi kashi 10 cikin 100.

Biyan shekara gaba ɗaya shi ne ƙashin bayan tsarin, kuma ba rashin tausayi ne kaɗai ya haife shi ba. Mai gida ba shi da wata hanyar sanin ko wanda ke gabansa ya taɓa cinye wa wani kuɗin haya a wani gari, ba shi da tabbacin cewa albashi zai riƙa fita a kan lokaci, kuma ya san idan aka daina biyansa, fitar da mai iyali daga ɗaki abu ne da zai haɗa shi da roƙon liman da dattawan unguwa kafin ma a kai ga kotu. Dokokin karɓe gida daga ɗan haya a sassan Nijeriya da dama sun tanadi notis na wata shida ga mai biyan shekara, da wata guda ga mai biyan wata, sannan ƙarin kwana bakwai kafin a shigar da ƙara. Ga kuma faɗuwar darajar naira, wadda ta sa kuɗin da aka karɓa yau ya fi wanda za a karɓa bayan wata goma amfani, musamman ga wanda ke son sayen siminti ya ƙarasa wani ginin. Jihar Legas ta yi doka a 2011 da ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, amma da yake dokar ba ta taɓa dalilan da suka haifar da al'adar ba, ba ta sauya abin a zo a gani ba.

Ƙasar Jamus ta fuskanci wannan tambaya ɗaya, wato me zai sa mutum ya miƙa mukullin gidansa ga wanda bai sani ba, amma ta amsa ta wata hanyar daban. Fiye da rabin iyalan ƙasar a gidan haya suke zaune, abin da ya sa ta zama ta ƙarshe a Tarayyar Turai wajen yawan masu mallakar gidan kansu, kuma a Barlin, babban birnin ƙasar, kusan gida huɗu cikin biyar na haya ne. Asalin abin yana komawa ga Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya ƙare a 1945 ya bar birane a rushe da miliyoyin 'yan gudun hijira, sai gwamnati ta zuba kuɗi daga 1950 wajen gina gidajen haya masu inganci, ta kuma ɗaure su da dokoki masu kare mazauna. Saboda haka likita ko malamin jami'a yana iya tsufa a gidan haya ba tare da kowa ya ga gazawarsa ba, saɓanin ƙasar Hausa, inda magidancin da ya haura shekara hamsin bai aza tubalin kansa ba ake masa kallon wanda bai gama zama ba. A 1993 kotun tsarin mulkin ƙasar ta yanke hukunci cewa haƙƙin ɗan haya na zama a gidan da ya kama yana cikin abin da tsarin mulki ke karewa a matsayin dukiya.

Bajamushe yana biyan haya wata-wata ta banki, cikin kwanakin aiki uku na farkon wata. Kuɗin kashi biyu ne: akwai na gidan kansa, wanda suke kira haya mai sanyi, akwai kuma ƙarin kuɗin ruwa da kwashe shara da ɗumama ɗaki lokacin hunturu, wanda idan aka haɗa shi da na farko ya zama haya mai ɗumi, a ƙarshen shekara ana yin lissafi, a mayar wa mutum rara ko a nemi ciko. Maimakon kuɗin shekara, mai gida yana karɓar kuɗin ajiya da doka ta hana ya wuce hayar wata uku, ɗan haya yana da damar biyansa kashi uku, kuma dole a ajiye shi daban da dukiyar mai gidan, a mayar wa mai shi idan ya tashi bai lalata komai ba. Aikin da tambayar «wa ya san ka?» ke yi a Potiskum, a Jamus takarda ce ke yin sa: mai neman gida yana gabatar da shaidar albashinsa na watannin baya, da rahoton wani kamfani mai suna Schufa da ke tattara tarihin bashin mutane. Bayan tarewa kuma dole ne cikin mako biyu mutum ya je ofishin hukuma ya yi rajistar sabon adireshinsa, da takardar shaida daga mai gida, wanda ba shi da nisa da kai baƙo gaban mai unguwa, illa dai a can ɗan ƙasa ma bai tsira ba.

Inda bambancin ya fi fitowa fili shi ne wajen rabuwa. Yawancin yarjejeniyoyin haya a Jamus ba su da ranar ƙarewa, ɗan haya yana iya tashi bayan notis na wata uku ba tare da ya faɗi dalili ba, amma mai gida ba ya iya tayar da shi sai da hujjar da doka ta yarda da ita, kamar taruwar bashin wata biyu ko buƙatar shi mai gidan ko danginsa na kusa su zauna a ciki, kuma idan don buƙatarsa ne, wa'adin yana ƙaruwa zuwa wata shida bayan shekara biyar, da wata tara bayan shekara takwas. Ƙarin kuɗi ma an yi masa linzami, ba ya wuce kashi 20 cikin 100 a shekara uku, ko kashi 15 a biranen da gidaje suka yi ƙaranci. Tun 2015 kuma wanda ya ɗauko dillali shi ke biyansa, ke nan yawanci mai gida.

Wani abu da ke ba baƙo mamaki shi ne gidan haya a can sau da yawa fanko ake ba da shi, babu murhu, babu kabad, babu wurin wanke kwanuka, wani lokaci wayoyi ne kawai ke reto daga silin inda fitila za ta kasance, don haka iyali kan tashi da kicin ɗinsu su kafa a sabon wuri. Bahaushe bai kamata ya yi dariya ba, tun da shi ma ango bango huɗu da ƙofa yake kamawa, sai dangin amarya su zo ranar jere da gado da katifa da labule da tukwane. Abin da ya fi cancanta a lura da shi a Jamus shi ne ranar miƙa mukulli, lokacin da mai gida da ɗan haya ke bin ɗaki ɗaki da takarda a hannu, suna rubuta kowace tsaga a bango da tabo a daɓe da lambar da mitar wuta da ta ruwa ke nunawa, su sa hannu su biyu, kowa ya riƙe kwafinsa har ranar fita.

Zaman yau da kullum ma a rubuce yake. Benaye da yawa suna da ƙa'idojinsu da aka liƙa kusa da ƙofar shiga: daga ƙarfe goma na dare zuwa shida na safe ba a hayaniya, ranar Lahadi ba a buga ƙusa ko kunna injin huda bango, shara kuma ana rarraba ta, takarda daban, roba daban, kwalba daban, ragowar abinci daban. A birnin Stuttgart da kewayensa akwai tsohuwar al'ada ta sharar matakala mako-mako, inda ake rataya wani ɗan allo a ƙofar iyalin da layi ya zo kansu. Gidan haya na Potiskum yana da irin waɗannan ƙa'idoji duka, sai dai a baki suke. Matan gidan sun san ranar sharar kowa da ranar wankin banɗaki, igiyar shanya tana da masu ita, namijin da ba na gidan ba yana tsayawa a zaure ya aika yaro, kuma mazan gidan ma sai sun yi gyaran murya da sallama kafin su ratsa tsakar gida. Idan takardar kuɗin wuta ta zo kuma mita ɗaya ce, sai a zauna a ƙidaya ƙwan lantarki da fanka da firji da dutsen guga na kowane ɗaki, mai sayar da ƙanƙara ya ɗauki kaso mafi tsoka, yana ƙorafi. Ruwa kowa da jarkokinsa da ɗan garuwarsa. Zo mu zauna zo mu saɓa ne, amma a wannan tsakar gida ne maƙwabciya ke riƙe wa mai naƙuda yara, a kuma miƙa wa wanda bai ɗora tukunya ba kwanon tuwo, abin da ƙa'idar da ke liƙe a bango ba ta tanada.

Tsarin Jamus yana da nasa ciwon. Kariyar da aka ba wanda ke ciki ta sa ba ya son motsawa, wanda ke waje kuma yana shan baƙar wuya: a Barlin da Munik mutane da dama kan yi layi a matakala don duba gida ɗaya, kowa da fayil ɗin takardunsa, kuma bincike ya sha nuna cewa mai suna irin na Larabawa ko Turkawa ba a cika kiransa ba. Gwamnatin Barlin ta daskarar da kuɗin haya a 2020, kotun tsarin mulki ta soke dokar a watan Afrilun 2021 bisa hujjar cewa hurumin gwamnatin tarayya ne. Talakan da ba shi da takardar albashi, wanda a Potiskum shaidar limami ko ubangidansa na kasuwa za ta iya buɗe masa ƙofa, a can da wuya a saurare shi.

Biyan wata-wata ba zai kankama a Potiskum da umarnin gwamnati kawai ba, muddin mai gida ba shi da abin da zai dogara da shi in ban da kuɗin da ke hannunsa. Abin da ke kusa, wanda ba ya buƙatar majalisa ko kasafi, shi ne rubutu. Malaman fiƙihun Malikiyya sun daɗe da shardanta cewa haya ba ta inganta sai an san kuɗin an kuma san wa'adin, kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu. Duk da haka ɗakuna da yawa ana kama su ne da musafaha da rasit na ɗan guntun takarda, ba a faɗi wanda zai gyara kwano idan ya fara yoyo da damina ba, ko wanda zai biya masu kwashe masai, ko kuɗin fenti da daɓen da ɗan haya ya yi za a cire shi daga hayar baɗi. Waɗannan ƙananan abubuwa su ne ke kai mutane gaban mai unguwa, daga nan kotun shari'a, inda alƙali zai nemi shaidu, sai a tarar dillalin da aka yi maganar a gabansa ya manta, ko ya bar garin.