Labarin yana kanka, furodusa kuma takarda yake saye

Ka gama kallon sabon kashi na Labarina a wayarka, data ta kusa ƙarewa, sai ka ce a ranka: "Wallahi labarin da ke kaina ya fi wannan." Ba mamaki da gaskiyarka. Sai ka buɗe Instagram, ka nemo shafin wani babban furodusa, ka rubuta masa: "Salam oga, ina da labari mai zafi." Yau sati uku ke nan, ko buɗe saƙon bai yi ba.

Kafin ka ce 'yan Kannywood ba sa son 'yan ƙauye, tsaya ka ji. Irin wannan saƙon yana shigo masa kullum, daga Kano, daga Maraɗi, daga ko'ina, kuma kowa cewa yake nasa ne mai zafi. Kai da ke zaune a Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa, ba ka da damar tare shi a titin gidan Zoo ku gaisa. Takardarka ce za ta je a madadinka, don haka sai ta iya magana.

Kasuwar dai akwai ta. Tun da Arewa24 ta fara aiki a 2014 ta kawo Daɗin Kowa, daga baya Kwana Casa'in da Gidan Badamasi suka biyo, harkar ta juya daga faifan CD zuwa shiri mai dogon zango. A 2020 Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad suka nuna cewa YouTube ma kasuwa ce. Duba sunan tashar da ke saka Izzar So: Bakori TV. Bakorin nan dai ta kusa da ku. Shirin da ke fita duk mako kuwa cin rubutu yake kamar wutar daji, marubuci ɗaya ba ya isar sa.

To me furodusa yake nema? Abu na farko da za ka gane shi ne fim daban, shiri mai dogon zango daban. Fim yana da matsala ɗaya, a warware ta a tashi. Shi kuwa dogon zango yana buƙatar matsalar da ke haihuwa. Ɗauki Gidan Badamasi: tsoho mai dukiya da maƙo, ga tarin 'ya'ya kowa ido a kan kuɗin. Ko wane mako ka buɗe ƙofar gidan sai ka tarar da sabuwar rigima. Daɗin Kowa gari ne guda, idan labarin wannan gida ya lafa sai na maƙwabta ya taso. Tambayi kanka: labarina zai kai kashi 13 ba tare da na cika shi da waƙa da doguwar gaisuwa ba? In amsar a'a ce, fim ne da kai, ka sayar da shi a matsayin fim.

Nan ne garinku zai yi maka rana. Marubucin da ke Kano ya fi ka sanin furodusoshi, amma bai san yadda ake ciniki a kasuwar Sheme ba, bai san masu haƙar farar ƙasa a Ƙanƙara ba, bai taɓa ganin manomin da masararsa ta nuna amma yana tsoron zuwa girbi ba. Ka tuna watan Satumban 2021, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da naku ukun nan? Ga misali daga wannan lokacin: "Wani saurayi a Sabuwa yana karɓar saƙonnin mutanen gari ya kai inda ake samun sabis, har ya zama ya san asirin kowa, sai ranar da aka ba shi saƙon da zai rusa auren da yake shirin yi." Jimla ɗaya ce, amma ga mutum, ga abin da yake so, ga abin da zai hana shi. Kuma kowane saƙo da ya ɗauka kashi guda ne.

Irin wannan jimlar ita ce farkon abin da za ka shirya. Bayanta sai shafi ɗaya tak da ke ba da labarin daga farko har ƙarshen zangon farko. Kar ka ɓoye ƙarshen wai don ka ja ransa, furodusa ba ɗan kallo ba ne, so yake ya san inda kuɗinsa za su tsaya. Sai jerin manyan taurarin labarin, biyar ko shida, kowa da layi uku: wane ne, me yake so, me yake ɓoyewa. Sai taƙaitaccen bayanin kowane kashi. Na ƙarshe, cikakken rubutun kashi na farko, da fitowa-fitowa da maganganun 'yan wasa. Wannan ne zai nuna ka iya aikin, don kowa yana da labari, masu iya zaunar da shi a takarda ne kaɗan.

Ka yi lissafin kuɗi tun kana rubutu. Kowane sabon gida, kowace mota, kowane taron biki, kuɗi ne daga aljihun wani. Labarin da za a ɗauka a gida biyu da shago da bakin kasuwa ya fi saurin samun mai saye a kan wanda ke buƙatar jirgin sama.

Wannan ya kawo mu ga abin da na san yana ran da yawanku. Ranar 11 ga Disamban 2020 aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, bayan kwana shida aka sako 344. Duniya ta ji, kuma za ka ga kamar shi ne labarin da zai fi sayuwa. Yi a hankali. Yaran nan suna raye, wasu abokanka ne, iyayensu kuna sallah sahu ɗaya. Ba ka da ikon sayar da tashin hankalinsu da sunayensu. Ga kuma tsaron kanka, a yankin da magana ba ta kwana wuri ɗaya. In dole sai ka taɓa matsalar tsaro, ƙirƙiri gari kamar yadda Kwana Casa'in ya ƙirƙiri jihar Alfawa, ka sauya sunaye, ka tsaya a cikin gida wurin uwar da ke jiran labari. Ya fi araha, kuma ya fi shiga rai a kan harbe-harbe a daji. Ka sa a ranka ma akwai Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda a watan Mayun 2025 ta dakatar da shirye-shirye 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, kan batun kai su tacewa. Furodusa yana karanta takardarka ne yana tunanin hukumar.

"To idan suka sace min fa?" Tambaya ce mai kyau. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare abin da ka rubuta ne, ba ta kare tunanin da ka faɗa da baki a waya. Saboda haka rubuta tukuna, tura wa kanka ta imel don kwanan wata ya zauna, in da hali ka yi rajista da hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa. Fara tura jimlar da shafi ɗayan, sauran sai an nema. In an kai ga ciniki, a rubuta: nawa ne, yaushe za a biya, sunanka zai fito a allo, wa zai ci gaba da rubutu in an shiga zango na biyu. Duk wanda kuma ya ce ka turo kuɗi kafin ya karanta ko ya haɗa ka da wani oga, rufe shi kawai.

Wa za ka tura wa? Bari manyan jarumai su huta. In shiri ya ƙare, karanta sunayen da ke wucewa: marubuci, mataimakin darakta, mai kula da shiri. Su ne ke da lokacin karatu, kuma su suka san inda ake neman hannu. Fauziyya D. Sulaiman da Nazir Adam Salihi daga rubutun littafi suka shigo rubutun fim, aikinsu ne ya riga su isa. Ke da ke saka labari a Facebook ko rukunin WhatsApp mutane suna cewa "a ci gaba", kin riga kin fara, ki adana shaidar. In kuma aka ce labarinka bai shiga ba amma zo ka taya rubuta na wani, kar ka raina, a nan za ka koyi abin da ba a koyarwa a waya.

Yau da daddare rubuta jimlarka ɗaya. Gobe ka karanta wa mutum uku a teburin mai shayi, ban da babban abokinka, don shi komai ka kawo cewa zai yi ya yi. In suka ce "Allah ya taimaka" suka ci gaba da shan shayinsu, koma ka gyara. In wani ya ajiye kofi ya ce "sai me ya faru?", to fara rubuta shafi ɗayan.