Yadda Zafi da Irin Ganye Ke Juya Rayuwar Farin Ƙuda

Farin ƙuda, wanda masana ke kira Bemisia tabaci, ƙwaro ne ɗan mitsitsi da tsawonsa bai wuce milimita ɗaya ba. A bayan ganye yake zama yana tsotsar ruwan shuka. An fara bayaninsa a Girka a 1889, a jikin taba, kuma yau an san yana cin tsirrai fiye da 500.

Macen tana saka ƙwai a ƙarƙashin ganye. Idan ɗan ya ƙyanƙyashe sai ya ɗan yi rarrafe, ya kafa baki wuri guda, ya wuce matakai huɗu kafin ya yi fiffike. Jikinsa ba ya riƙe ɗumi, don haka yanayin gari ne ke yanke saurin girmansa. Tsakanin digiri 25 da 30 a ma'aunin Salshiyos, daga ƙwai zuwa balaga kan ɗauki mako biyu zuwa uku. A digiri 15 abin kan haura wata biyu, a kusa da 10 kuwa girma ya kusan tsayawa cak. Zafin da ya zarce 35 yana kashe 'ya'yan da yawa, ya rage yawan ƙwai. Shi ya sa tumatirin rani kan samu sauƙi a tsakiyar hunturu, amma da zarar gari ya fara ɗumi sai ƙwarin su yi ta hayayyafa babu ƙaƙƙautawa. Ruwan sama mai ƙarfi yana kakkaɓe su.

Shukar ma tana da tata rawar, kuma a nan ne manomi ke da ta cewa. A yanayi iri ɗaya, ƙwaron kan fi saurin girma a kan yalo fiye da barkono. Ganye mai gashi ya fi jan hankalin macen, domin gashin yana tsare ƙwai daga maƙiya, yana kuma riƙe laima. Takin zamani mai yawan naitirojin yana sa ganye taushi da ruwa, abin da ƙwaron ke so ke nan. Ƙwarin ma ba duk ɗaya suke ba: nau'in da ya saba da rogo a Afirka, mai yaɗa cutar nan da ke sa ganyen rogo dabbare-dabbare, ba kasafai yake jin daɗin wasu shuke-shuke ba.

Abin da ya faru a gonakin auduga na Jazira a Sudan, a ƙarshen shekarun 1970, ya isa darasi. Yawan feshi ya hallaka ƙwarin da ke cin farin ƙuda, ga zafi, ga taki, sai farin ƙudan ya zama babban bala'i. Kashinsa mai zaƙi ya riƙa danƙare audugar har darajarta ta faɗi a kasuwa. Daga cikin matakan da masu bincike suka ɗauka akwai samar da irin auduga mai ƙarancin gashi da ganye mai yatsu kamar na kuɓewa, wanda ke barin rana da iska su ratsa cikin shukar su hana 'ya'yan sakewa.