Allura Ta Iso, Bayani Bai Iso Ba: Wa Ke Yi Wa Yaranmu Maganar Balaga?

A ranar 24 ga Oktoban 2023 Nijeriya ta shigar da allurar rigakafin ƙwayar cutar HPV cikin jerin alluran da ake yi wa yara kyauta. A zagayen farko, wanda ya ƙunshi Babban Birnin Tarayya da jihohi 15, an ƙudurci kaiwa ga 'yan mata miliyan 7.7 masu shekara 9 zuwa 14, adadin da ba a taɓa nufa a karo guda ba a nahiyar Afirka. Sauran jihohi 21 sun bi sahu a watan Mayun 2024. Ma'aikatan lafiya sun shiga makarantu da kasuwanni da wuraren ibada, allura ɗaya tak a damtse, yarinya ta sauke hannun riga ta koma aji.

Dalilin wannan gagarumin aiki a fili yake. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2020 kaɗai mata kimanin 12,000 ne suka kamu da sankarar bakin mahaifa a ƙasar nan, kuma wajen 8,000 suka rasu sanadiyyarta. Kusan duk wannan sankara daga HPV take tasowa, kuma nau'i biyu na ƙwayar, na 16 da na 18, su ke haddasa kusan kashi 70 cikin 100. Ta hanyar saduwa ake ɗaukar ƙwayar, ta kuma yaɗu ƙwarai, har mafi yawan mutanen da suka san namiji ko mace sukan gamu da ita wani lokaci a rayuwarsu. Galibi jiki kan kawar da ita cikin shekara biyu ba tare da mutum ya sani ba. Idan kuwa ta zauna, takan yi shekara 15 zuwa 20 tana sauya ƙwayoyin bakin mahaifa a ɓoye kafin ciwon ya bayyana. Shi ya sa ake yi wa yarinya allurar tun tana ƙarama, domin rigakafin ya fi aiki kafin a haɗu da ƙwayar. Akwai kuma abin da iyaye da yawa ba su lura da shi ba: budurwar da ta kame kanta har ɗakin miji tana iya ɗaukar ƙwayar daga mijin da shi kansa bai san yana ɗauke da ita ba.

To, amma yarinyar da aka yi wa allurar, wa ya zaunar da ita ya faɗa mata wannan?

Ma'aikatu biyu, hanya biyu

Shekara guda kafin ƙaddamar da allurar, a watan Nuwamban 2022, Ministan Ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya umarci hukumar NERDC mai tsara manhajar karatu da ta cire darasin jima'i daga manhajar makarantun firamare da ƙaramar sakandare. A wajen taron Majalisar Ilimi ta Ƙasa ya ba da umarnin, hujjarsa kuwa ita ce wannan aiki ne na iyaye da malaman addini. Ƙungiyoyin farar hula sun yi ca, wasu iyaye kuma suka yi na'am. Ma'aikatar Ilimi da ta Lafiya duk a Sakatariyar Tarayya suke, tafiyar 'yan mintoci ce tsakaninsu, amma cikin wata goma sha biyu ɗaya ta ce a daina maganar a aji, ɗayar ta shiga ajin da sirinji a hannu.

Darasin da ake taƙaddama a kai ya daɗe. A 1999 Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince a shigar da shi makarantu, lokacin da ƙanjamau ke cin rayuka ba ƙaƙƙautawa, magani kuma sai mai hannu da shuni. Manhajar farko ta sha suka daga malaman addinan biyu, aka yi mata kwaskwarima, aka rage wasu batutuwa, aka fito da ita a 2003 da sabon suna mai nufin ilimin zaman iyali da cutar HIV. Ba a ware mata sa'a tata ba, an cusa ta ne cikin darussa irin su kimiyya da ilimin zamantakewa, aka kuma bar wa jihohi damar daidaita ta da al'adunsu. Abin da ta fi karkata a kai shi ne sauye-sauyen jiki lokacin balaga, da kame kai, da yadda yaro zai ce a'a, da hanyoyin kamuwa da cututtuka. Wanda ya ɗauka koyar da baɗala ce, zai yi kyau ya nemi kwafi ya duba da idonsa kafin ya yanke hukunci.

Raunin tsarin a wurin aiwatarwa yake. Darasin da ba shi da jarrabawa tasa, ba shi da malami nasa, shi ake fara tsallakewa idan zango ya zo ƙarshe. Malamar da ba a horar da ita ba, wadda kuma ta ji minista da bakinsa ya ce a cire, ba za ta sa aikinta a haɗari ba don babi guda.

Waɗanne iyaye, a wane lokaci?

Maganar cewa iyaye ne suka fi cancanta gaskiya ce, sai dai ta tsaya a rabin hanya. A tsarinmu na gargajiya ma ba uwa da uba ke yin wannan magana ba. Kunya ba ta bari, balle idan ɗan fari ne ko 'yar fari, waɗanda ko sunansu ba a kira. Kaka ce ke jan yarinya ɗaki ran da ta fara ganin al'ada, ko gwaggo, ko yayar da ta riga ta yin aure. Yaro kuma kawu ne ko malamin zaure. Ma'aikacin da aka yi wa canjin aiki zuwa Abuja ya baro duk waɗannan a gida. Yana fita daga Nyanya ko Mararaba ko Kubwa da asuba don gudun cunkoso, ya dawo bayan isha'i a gajiye, sau da yawa uwargidan ma ma'aikaciya ce. Hadimin minista ko na ɗan majalisa kuwa, wani lokaci sai ya yi mako bai ga yaransa ido biyu ba. Gurbin da kaka ta bari, wayar hannu ce ta cike shi, ita kuma ba ta san kunya ba, ba ta tambayar shekarun mai riƙe da ita.

Alƙaluma sun nuna inda shirun ke kai mu. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya gano cewa kashi 19 cikin 100 na 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 sun haihu ko suna ɗauke da cikin fari: kashi 27 a karkara, kashi 8 a birane. Da yawansu, musamman a Arewa, matan aure ne, wanda hakan ke ƙara musu buƙatar sanin jikinsu. Babban binciken HIV na wannan shekarar ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49 na ɗauke da ƙwayar, kimanin mutum miliyan 1.9 ke nan a faɗin ƙasa idan aka haɗa da yara da tsofaffi. A tsakanin masu shekara 20 zuwa 24, yawan mata masu ɗauke da ita ya ninka na maza fiye da sau uku. Budurwar da aka gano tana da cutar tana shekara 21, akwai yiwuwar tun tana 'yar makaranta ta ɗauka. Kuma macen da ke da HIV ta fi wadda ba ta da ita haɗarin sankarar bakin mahaifa har sau shida.

Akwai kuma ciwon sanyi da tunjere, waɗanda saurayi kan je kantin magani a asirce ya sayi ƙwaya biyu ya haɗiya, zafin ya lafa, cutar ta zauna. A jikin mace ciwon sanyi kan yi shiru ba alama, sai bayan shekaru a tarar ya toshe hanyar ƙwai, a shiga neman haihuwa daga wannan asibiti zuwa wancan. Ciwon hanta nau'in B ma ta jini da saduwa yake bi, yana kuma da rigakafi, amma matasa nawa ne suka san ko an yi musu?

Tsoron da ke da tushe

Ba daidai ba ne a mayar da iyayen da ke ɗari-ɗari jahilai. Wanda ya tuna gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a Kano a 1996, da ƙaurace wa allurar shan inna a 2003, ya san cewa zargin da ake yi wa duk abin da ya zo daga waje yana da tarihi. Lokacin allurar HPV ma jita-jitar hana haihuwa ta zaga a WhatsApp, alhali an fara amfani da rigakafin a duniya tun 2006, kuma miliyoyin waɗanda aka yi wa sun girma sun hayayyafa. Jita-jita takan samu wurin zama ne a inda bayani bai riga ta isa ba.

Tsoro na biyu shi ne cewa faɗa wa yaro zai sa ya gwada. Hukumar UNESCO ta tattara bincike daga ƙasashe masu yawa a jagorar da ta sabunta a 2018, sakamakon kuwa shi ne darasin da aka tsara da kyau ba ya sa yara fara saduwa da wuri, sau da yawa ma jinkirta ta yake yi. Mu kuma ba baƙi ba ne ga irin wannan karatu. Ɗalibin Islamiyya da ya sauke Ahalari ko Ishmawi ya karanta hukuncin janaba da wankan tsarki tun bai kai shekara goma sha biyar ba, Ahalari ma har da haila da biƙi, malami na fassara masa kalma bayan kalma, babu wanda ya ce an lalata shi. Azuzuwan matasa a coci-coci su ma suna taɓa batun kame kai. Abin da malamin fiƙihu ko fasto ba zai iya bayarwa ba shi ne ɓangaren likita: yadda ƙwayar cuta ke tafiya, alamar da ya kamata a kai asibiti, da inda yarinya za ta kai ƙara idan wani babba ya taɓa ta. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 da dokar hana cin zarafi ta 2015 duk suna aiki a Abuja, amma yarinyar da ba a koya mata sunan abin da aka yi mata ba, da wane baki za ta faɗa?

Abin da ke kan tebur

Nijeriya na cikin ƙasashen da suka amince da ƙudurin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020, cewa zuwa 2030 a yi wa kashi 90 cikin 100 na 'yan mata allurar kafin su cika shekara 15, a kuma duba kashi 70 na mata. Gangami ya wuce, yanzu allurar ta koma ta yau da kullum a cibiyoyin lafiya matakin farko, inda ake sa ran a riƙa kai kowace yarinya da ta cika shekara 9. A nan aikin zai yi wuya, domin uwa ta saba kai jariri awo, ba ta saba kai 'yar aji huɗu ba. Makaranta ce kaɗai wurin da ake samun waɗannan yara a tare.

Gwamnatin Tarayya ba ta da iko kai tsaye a kan makarantun jihohi, amma tana da kwalejojinta na haɗin kai sama da ɗari, mafi yawansu na kwana, inda 'ya'yan ma'aikata da dama ke karatu. Can babu uzurin cewa hurumin jiha ne. Takarda ɗaya da ma'aikatun biyu za su sa wa hannu tare za ta iya fayyace abin da za a koyar a kowane aji, malama mace ga 'yan mata, namiji ga samari, a gayyato ma'aikaciyar jinyar makaranta, a kuma nuna wa ƙungiyar iyaye da malamai da limami da fasto abin da ke ciki tun kafin zango ya fara. Irin wannan takarda, wani darakta ne zai ba da umarnin rubuta ta, wani ƙaramin jami'i ya tsara daftarinta, wani hadimi kuma ya tabbatar ta kai gaban minista ba ta kwana a ƙasan fayil ba.