Dawowar Ƙarin Ƙwaƙwalwa Bayan Magani: Abin da Ya Tabbata da Abin da Ake Faɗa

Ƙarin da ke tsirowa a cikin ƙoƙon kai iri-iri ne, kuma ba dukkansu ne ciwon daji ba. Wanda likitoci ke kira meningioma yana fitowa ne daga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, yawancinsa ba mugu ba ne, idan an samu cire shi tas sau da yawa magana ta ƙare. Mafi tsanani cikin waɗanda ke farawa daga naman ƙwaƙwalwar manya shi ne glioblastoma, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ajiye a mataki na 4, wato matakin ƙarshe. Kusan duk wanda aka yi wa maganinsa sai ƙarin ya dawo, galibi kafin shekara ta zagayo.

A Bauchi majinyaci yakan je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da ciwon kai mai nacin gaske, ko amai da sassafe, ko farfaɗiyar da ta same shi da girmansa, ko mutuwar ɓarin jiki. Idan hoton ƙwaƙwalwa ya nuna ƙari, sai batun tiyata, daga nan kuma gashi da na'ura, wanda akan nema a cibiyoyi irin su Asibitin Ƙasa na Abuja ko asibitin koyarwa na Shika a Zariya. Iyali sun yi karo-karo, wataƙila an sayar da fili, an kai shi an dawo, ya ji sauƙi har ya fara fita masallaci. Bayan 'yan watanni sai ciwon kan ya dawo. Daga nan ne maganganu ke tashi a zaure da wajen dubiya, kowa da nasa bayanin.

Maganar da ta fi yawo ita ce wai daji ba ya son ƙarfe, da zarar wuƙar likita ta taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Wannan ba haka yake ba. Glioblastoma ba dunƙulallen abu ba ne mai ɓawo da za a ɓantare kamar ƙwallon mangwaro. Halinsa ya fi kama da na ciyawar ƙiri-ƙiri a gona: manomi ya nome abin da ido ke gani, amma saiwa ta riga ta yi nisa a ƙarƙashin ƙasa, da an yi ruwa sai ta tofo. Tun a 1938 wani masani Bajamushe, Hans Scherer, ya bayyana yadda ƙwayoyin wannan ƙari ke sulalewa ɗaya-ɗaya, suna bin jikin jijiyoyin jini da zaruruwan da ke kai saƙo tsakanin sassan ƙwaƙwalwa. Ba sa fitowa a hoton MRI, idon likita ma ba ya rarrabe su da lafiyayyen nama. Shekara goma kafin haka, a 1928, likitan tiyata Walter Dandy na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya ba da rahoton cire rabin ƙwaƙwalwa sukutum ga wasu masu irin wannan ƙari, duk da haka cutar ba ta bar waɗanda suka rayu bayan aikin ba. Ashe ƙwayoyin sun riga wuƙa yin gaba. Binciken zamani kuma ya nuna cewa wanda aka samu cire masa mafi yawan ƙarin ba tare da an illata shi ba ya fi daɗewa a raye. Illar jita-jitar ƙarfen nan babba ce, domin tana sa a riƙe majinyaci a gida watanni ana jiƙe-jiƙe, ƙarin kuwa a makonni yake girma.

Daga wannan bayani ne ake gane kuskuren zargi na biyu, cewa likita ne bai iya aiki ba, ya bar saura. Gaskiya ne ana barin saura, amma tilas ce ta kawo haka. A nono ko hanji ana iya yanke ƙari a haɗa da lafiyayyen naman da ke kewaye da shi. A ƙwaƙwalwa kuwa santimita ɗaya na iya zama wurin magana, ko gani, ko motsin hannun dama. Likitan da ya tsaya a bakin wannan iyaka yana kare abin da majinyaci zai rayu da shi ne. Shi ya sa kimanin kashi 80 cikin 100 na dawowar ƙarin yake faruwa a gefen ramin da aka yi aikin, cikin tazarar santimita 2. A hoton bibiya yakan fito kamar farin zobe mai baƙin ciki, kewaye da kumburi. Haka yake faruwa a manyan asibitocin duniya: Sanata Edward Kennedy ya rasu da wannan cuta a 2009, Sanata John McCain a 2018, dukkansu 'yan Amurka da ba su rasa kuɗi ko ƙwararru ba. Fita waje na iya samar da kayan aikin da suka fi na gida, amma ba ya sauya halin ƙarin.

Akwai kuma masu cewa idan ya dawo to ya shiga ko'ina ke nan, huhu da hanta da ƙashi. A nan an haɗa abubuwa biyu ne. Dajin huhu da na nono su ne suka saba hawa zuwa ƙwaƙwalwa ta hanyar jini. Glioblastoma kuwa da wuya ya fita daga ƙoƙon kai. Waɗanda yake bazuwa zuwa sauran jikinsu ba su wuce kashi 2 cikin 100 ba. Yaɗuwarsa a cikin gida take. Yana iya bin gadar zaruruwan da ta haɗa ɓarin dama da na hagu ya tsallaka, har hotonsa ya yi kama da malam-buɗe-littafi ya buɗe fukafukai. Wani lokaci ƙwayoyinsa kan faɗa cikin ruwan da ke zagaya ƙwaƙwalwa da laka su sauka a gadon baya. Wannan hanya ta fi yawa a wani ƙari na yara mai suna medulloblastoma, shi ya sa ake gasa musu kai da laka gaba ɗaya.

Maganar cewa gashi da magungunan daji ba su da amfani tun da ƙarin zai dawo tana bukatar a auna ta da adalci. A gwajin da Roger Stupp ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2005, an yi wa majinyata gashi sau 30 cikin mako 6, aka ƙara wa rabinsu ƙwayar temozolomide. Matsakaicin tsawon rayuwa ya tashi daga wata 12.1 zuwa 14.6, waɗanda suka kai shekara biyu kuma suka ƙaru daga kusan kashi 10 zuwa kusan 26 cikin 100. Wannan ba warkewa ba ce, kuma bai kamata a ɓoye wa iyalin da ke shirin sayar da kadara hakan ba. Amma watanni ne na gaske, da mutum zai yi cikin hayyacinsa tare da iyalinsa. Dalilin da ya sa maganin ba ya gamawa da ƙarin sananne ne: jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa suna da shingen da ke hana yawancin magunguna shiga, wasu ƙwayoyin ƙarin kuma suna da sinadarin MGMT mai gyara ɓarnar da temozolomide ya yi musu. Masu taurin kai ne ke tsira, su ne kuma ke hayayyafa, shi ya sa ƙarin da ya dawo ya fi na farko wuyar magani.

Abubuwa biyu na iya ruɗar masu jinya. Na farko, ƙwayar dexamethasone tana sauke kumburin da ke kewaye da ƙari cikin kwana ɗaya ko biyu. Mutumin da jiya ba ya gane 'ya'yansa, yau ya tashi zaune ya nemi masa da miya. Idan hakan ya zo daidai da wani jiƙo da aka kawo daga ƙauye, sai jiƙon ya karɓe yabo, a watsar da asibiti, alhali ƙarin yana nan daram. Na biyu kishiyar wannan ne: cikin wata uku na farko bayan gashi hoto na iya nuna kamar ƙarin ya ƙaru, alhali kumburin gashin ne, kuma yakan lafa da kansa. Saboda haka likitoci kan sake ɗaukar hoto kafin su yanke hukunci.

Sauran maganganun ba su da tushe. Ba a ɗaukar cutar ta kwano ko shimfiɗa, kuma kaɗan ne ƙwarai ke da alaƙa da gado. Wani babban nazari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aka yi, wanda ya fito a 2024, bai sami alaƙa tsakanin wayar salula da dajin ƙwaƙwalwa ba. Sauyin hali, surutai da faɗuwa, waɗanda akan danganta da iska ko sammu, alamu ne na matsin da ƙarin ke yi wa wani sashe na ƙwaƙwalwa. Addu'a da zuwa asibiti ba sa karo da juna.

Idan dawowar ta tabbata, abin yi ya danganta da wurin da ƙarin yake da kuma ƙarfin jikin majinyaci. Wani a sake masa tiyata, wani a ba shi lomustine ko bevacizumab, wani a sake gasa ɗan ƙaramin wuri. Ga wanda jikinsa ba zai ɗauka ba, akwai kulawar sauƙaƙa wahala: maganin farfaɗiya a kan lokaci, maganin kumburi, maganin raɗaɗi har da mofin idan ta kama, da juya shi a kan gado duk bayan sa'o'i biyu don kada gyambon kwanciya ya kama shi.