INJIN JIRGIN SAMA A MOTA: ZAI IYA HANYAR BIRNIN GWARI?

Duk wanda ya taɓa tashi daga Kaduna ya bi ta Buruku da Udawa zuwa Birnin Gwari ya san yadda matafiyi ke ƙosawa ya fita daga dajin nan, musamman a shekarun da 'yan bindiga suka addabi hanyar. Wani matashi a zumuntar matasa ya tambaye mu: me ya hana a sa wa mota injin jirgin sama, a ratsa dajin cikin ɗan lokaci?

To, an gwada. Kamfanin Rover na Ingila ya fito da irin wannan mota a 1950. A 1963 da 1964 kuma kamfanin Chrysler na Amurka ya ƙera guda 55, ya ba mutane 203 aron su domin gwaji. Injin, wanda ake kira tabain, ba shi da fistan. Yakan zuƙi iska ya matse ta, ya ƙona mai a cikinta, sa'an nan iskar mai zafi ta juya farfela. Yana shan kananzir da man dizal, har da man gyaɗa. Duk da haka an farfasa yawancin motocin, guda tara kacal suka tsira, kuma a 1979 aka rufe shirin.

Matsala ta farko ita ce shan mai. Tabain yana da tattali ne idan yana aiki da cikakken ƙarfi ba tsayawa, kamar a jirgin sama ko a tashar lantarki ta Afam. Amma ko motar Chrysler tana tsaye, injinta na juyi wajen sau 20,000 a minti ɗaya. Direban da ke rage gudu a kowane rami, yana bin bayan tirela, mai zai yi ta ƙonewa a banza.

Na biyu, jinkiri. Idan aka taka totur, sai farfela ta ɗauki gudu kafin motar ta amsa. Mai son wuce tirela a ƙunƙuntar hanya ya san abin da daƙiƙa ɗaya ke nufi.

Na uku, ƙura. Tabain yana zuƙar iska fiye da injin fistan nesa ba kusa ba, kuma ƙura tana cinye farfelarsa. Tankar yaƙin Amurka mai suna Abrams tana da irin wannan injin, sai da manyan matatun iska take aiki a hamada. Ina kuma ga hunturu a hanyoyin ƙauyukan da ke kewaye da dajin Kamuku?

Na huɗu, tsada da gyara. Ana ƙera farfelar da ƙarfe na musamman mai jure zafi. Fijo 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna ta samu karɓuwa ne domin kowane bakanike a bakin tasha ya san cikinta. Tabain kuwa in ya tsaya a tsakiyar daji, wa zai buɗe shi?

'Yan'uwa, a nan akwai darasi ga ikilisiyoyin da ke tara baiko domin sayen motar bishara ko ta kai marasa lafiya asibiti. Kuɗin nan gumin manoma ne da gwauraye. Kafin a saya, dattawa su tambaya: nawa take sha, ina ake samun kayanta, wa zai gyara ta a Birnin Gwari? Motar da za ta kai mai bishara ƙauye ta dawo da shi gida ita ce ta dace da mu.

Allah ya kiyaye matafiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.